Tandun Kwallin da Ba a Yi Ba

A gidanmu na Ƙofar Kuyambana, da an sauke tuwo, ba a kashe wutar murhu sai Iya Gambo, kakarmu, ta yi mana tatsuniya. Mukan kewaye ta, mijinta Malam Audu yana gefe bisa buzu yana tufka igiya da yatsunsa uku na dama. Ba mu taɓa tambayar ina sauran biyun ba. Yaran zamaninmu ba sa tambayar irin wannan.

Akwai wadda takan maimaita duk shekara. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya wartsake."

Wai an yi wani maharbi da ya daɗe yana raka wani Bature daji. Da Baturen zai koma gida, ya bar masa bindiga da 'yan harsasai. Iya takan kwatanta harsashin kamar yana tafin hannunta: tsawonsa ya kai ɗan yatsan tsakiya, kaurinsa babban yatsa, kwansonsa na tagulla ne mai wuya kamar ƙaramar gora. A baki akwai dalma naɗe da takarda, an shafe da kakin zuma. A gindi kuma wata 'yar hula, nan kunamar bindiga ke sara. Ɗaya tak yakan kayar da ɓauna. Tun a lokacin an daina kawo irinsa, don haka maharbin yana lallaɓa su, har ya rage saura guda.

Matan unguwa kuwa sun gano kwanson da aka harba yana yin tandun kwalli mai kyau. Duk wanda ya faɗo, wata ta roƙe. Amaryar maharbin ta zo gida ta tarar an rabe su kaf, sai wannan guda cikin burgami.

"Ita fa 'yar maharba ce," in ji Iya, "amma bindigar toka ta sani, wadda albarushi ke gora daban, dalma daban. Wa ya gaya mata na Bature da wutarsa yake kwana a ciki?"

Sai ta ce bari ta narkar da dalmar ta sami tandu. Ta tura shi cikin garwashi, ta duƙa tana hurawa, fuskarta dab da wuta. Maharbin ya shigo ya gani. Ya ture ta, ya cusa hannu ya damƙo shi. A hannunsa ya fashe. Daga ranar bai sake shiga daji ba.

Mu kuwa sai dariya. "Kai, Iya, wannan mata da wauta take!"

"Ƙwarai kuwa," takan ce, tana gyara itace. "Ke Ladi, rufe baki, ƙuda zai shiga."

Na yi aure, na haifi uku, kafin Iya ta rasu. Ni na buɗe adudunta. A can ƙasa, cikin tsumma, na sami tagulla a tsage kamar ɓawon gyaɗa, ta yi baƙi. Na zauna riƙe da ita. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin kwalli a idon Iya ba, ko ranar Sallah. Na tuna ita ke gutsura wa Malam tuwo kullum, mu muna cewa gata ne.

Yau jikokina suna cewa na cika sa ido, komai aka shigo da shi gidan nan sai na tambayi mene ne a cikinsa. Su faɗa. Na dai san inda na koyo.

Amma ba wannan ke dawo mini ba in na zauna gaban murhu. Muryar Malam ce. Duk sanda muka fashe da dariyar nan, yakan ɗago daga igiyarsa, a hankali ya ce, "Gambo, ki bar yarinyar nan ta huta haka. Ai maharbin bai taɓa cewa ya yi asara ba."