Damisar da Mabvuto Bai Gani Ba

Mabvuto Sakala tela ne a Mfuwe, kusa da kogin Luwangwa. Shi ke ɗinka wa direbobin gandun daji kakinsu, su kuma sukan ba shi kujera duk ranar da baƙi ba su cika mota ba. Da wata tsohuwar kyamara ya ɗauki giwa, ya ɗauki dorina, har da zaki yana hamma. Damisa ce kawai ta ƙi shi. Sau ɗaya ya samu hoton wutsiyarta.

"Wannan ai igiyar shanya ce," in ji matarsa Esnart.

Ya ba hamsin baya kaɗan sai zare ya fara ƙin shiga allura. Likita a Chipata ya daɗe yana haska idanunsa, sannan ya ce na hagu ya riga ya mutu, na dama ma ba zai kai baɗi ba.

Mabvuto ya rufe shago. Kullum da sassafe yana ƙofar gandu yana roƙon duk motar da ta tsaya, har direbobi suka fara kau da kai. Ya rame, tuwo ma sai Esnart ta tsaya a kansa. Ga hadari ya fara haɗuwa, kuma da zarar ruwa ya sauka hanyoyin dajin sun rufe ke nan.

Esnart ta je ta tsare ƙaninta Yotamu, wanda shi ma direba ne, har ya yarda. Ta bi su, don mijin ya fara tuntuɓe ko a tsakar gida.

Da la'asar Yotamu ya kashe mota ƙarƙashin wata tsamiya.

"Yaya, ga ta nan," ya raɗa wa Mabvuto. "Kan babban reshe."

Mabvuto ya ɗaga kyamara. Hayaƙi kawai yake gani.

"Ina? Ina take?"

"Gabanka fa!"

Ya murza idon har ya kawo ruwa. "Don Allah kada ku yi mini haka. Ina take?"

Esnart ta kama kansa da hannu biyu ta juya shi. "Sama kaɗan, Baban Tisa. Ka wuce. Dawo. Tsaya nan, danna!"

Ya yi ta dannawa yana kuka, har damisar ta sauko ta shige ciyawa, shi bai sani ba. Sai da Yotamu ya dafa shi ya daina.

Yawancin hotunan ganye ne. Ɗaya ne ya kamo ta, a karkace, kunne guda ya fita. Esnart ta wanko shi babba ta rataye a shagon, inda 'yarsu Tisa ke taka keken ɗinki yanzu. Mabvuto yana zaune a bakin ƙofa. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya riƙo masa hannun riga.

"Tsaya tukuna. Dubi bango ka gaya mini, ni take kallo ko kogi?"