An Ce Afendis Aka Cire Mini

Ni na ba Yayana ƙoda. Mutum huɗu ne suka sani a gidanmu, har da ni.

Tun muna asibiti a Abuja, ko ɗinkin bai kama ba, Mama ta yanke hukunci. "In mun koma Minna, afendis aka cire miki, kin ji ko? Mutanen unguwarmu Tunga ba su da aiki sai baki. Su ji yarinya ƙodarta ɗaya, gobe a ce ba za ta haihu ba." Na tuna mata likita ya ce ba haka ba ne. Ta ce ai ba likitan ne zai aure ni ba.

Muka dawo, 'yan dubiya suka cika gida. Dangin Baba daga Paiko da doya da zabi, abokan Yaya 'yan walda, har maƙwabciyarmu mai waƙa a coci da kwalin lemo. Kowa ɗakin Yaya yake nufa. Ni ce mai kai ruwa, ina tafiya a duƙe. Su sha, su ɗaga hannu: "Allah ya saka wa bawan Allahn da ya ba da ƙodar nan." In ce amin tare da su. Wata goggonmu ta dube ni ta ce, "Ke kuma ɗan afendis ne kike wannan langaɓewa? Ga wanda aka canja wa ƙoda can yana dariya."

Jikin ya warke cikin makonni, zuciyar ce ta ƙi. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, sai in wuni kan tabarma ina kallon bango. Na daina zuwa shagon ɗinki. Ƙawata ta kira, in kife wayar. Fitsari ya ɗan canja launi, gabana ya faɗi. A ji ni da kyau, ban yi da-na-sani ba; da ƙoda uku gare ni, biyu zan ba shi. Kawai dai abu ne mai nauyi, kuma an hana ni inda zan sauke.

Sai fushin ya koma kan Yaya. Wata la'asar na kama shi a zaure da kilishi, jajawur da yaji. Na fizge na watsar.

"Ƙodata za ka kashe da gishiri?"

Mama ta fito a guje. "Rage murya, maƙwabta!"

"Su ji mana!"

Na ɗauka zai zage ni. Ya kaɗe hannunsa, ya matsa mini a benci. "Zauna, Auta. Tun da muka dawo, wa ya ce miki ya jiki?"

Na buɗe baki in yaɓa masa baƙar magana, kuka ya riga ta fitowa. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, kansa a ƙasa, "Nauyinki nake ji. Ban san yadda ake gode wa mutum irin wannan ba, shi ya sa nake kauce miki."

Ranar asibitinsa ya tare keke napep ya ce in shiga. Da muka isa ya gaya wa likitar da ke duba shi, "Yau mu biyu ne." Ta rufe fayil ɗinsa ta juyo gare ni: ya barci, ya cin abinci, me ke yawo a kaina? Na yi ta zuba kamar famfon da aka daɗe da ɗaurewa. Ta haɗa ni da wata ma'aikaciya mai ba da shawara da nake zuwa muna magana bayan kowane mako biyu. Akwai ranakun da har yanzu ba na son ganin kowa, amma na koma kan keken ɗinkina.

A waje Mama ba ta canja labarinta ba. Sai dai wata safiya ta shigo ɗakina da man kaɗanya, ta ce in ɗaga riga. Ba ta taɓa yarda ta kalli tabon ba. Ta bi shi da yatsa a hankali tun daga farko har ƙarshe.

"Ashe har nan ya kai," ta ce.

Ta ci gaba da shafawa, ni kuma ban hanzarta ta ba.