Faifan da Na Kai Argungu da Kunne Ɗaya

Birnin Kebbi

Na bar gida bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ina rungume da faifan garmaho guda ɗaya. Na naɗe shi da tawul, na sa shi tsakanin allunan katako biyu marasa nauyi, na ɗaure da tsumma. Bazara ce, kuma duk wanda ya san faifai ya san cewa zaman rana na sa'a guda cikin mota ya isa ya lanƙwasa shi har abada. Saboda haka na ƙudurta in isa Argungu kafin hantsi ya yi ƙarfi.

Ya kamata in bayyana wa mai karatu dalilin tafiyar. A watan da ya gabata likita a Sakkwato, babban birnin jiharmu, ya gaya mini cewa kunnena na dama ya riga ya mutu, na hagu kuma yana bin sa. Ya ce siraran sautuka ne za su fara ɓacewa, masu kauri su biyo baya, kuma bai ga alamar abin zai ɗauki lokaci ba. Na yi masa godiya, na dawo gida, na zauna ina tunanin abin da nake so in ji kafin a rufe ƙofar. Muryoyin iyalina na haddace su. Abin da ban taɓa ji yadda ya kamata ba shi ne wannan faifai.

Wani Bature da muka koyar tare a makarantar sakandare ne ya bar mini shi da zai koma ƙasarsu. Kiɗan wasu samarin Ingila ne su biyar, kuma waƙa ɗaya ce ta cinye fuska guda ta faifan. Da farko na ɗauka hayaniya ce. Amma ni a makarantar mishan na yi karatu, inda malamin waƙa ya jera mu murya huɗu, ya sa ni a layin baya tare da masu babbar murya, ya koya mana da bulala cewa mu ne harsashin ginin. Tun daga nan kunnena ƙasan kiɗa yake fara nema. A ƙasan wannan kiɗa kuwa na tarar da mai kaɗa jitar nan mai tsirkiya huɗu, wadda ake kira bes, yana yin abin da ban taɓa jin an yi ba. Garmahona ƙarami ne, lasifikarsa ba ta fi tafin hannu ba, inuwar aikinsa kawai take ba ni. Babban inji mai lasifika biyu yana gidan abokina Alhaji Mamman a Argungu, tsohon malamin gona, wanda ɗansa ya kawo masa shi daga ƙasar waje.

A tasha na nemi kujerar gaba. Direban, wani dogo mai hula ja, ya miƙo hannu.

"Baba, kawo kayan in sa a but."

"Ba za su shiga but ba."

"Mi na a ciki? Madubi?"

"Faifai ne."

"Faifai! Wallahi na ɗauka takardun gado ne. To riƙe abinka, Baba, mu dai Allah ya kai mu lafiya."

Zauro zuwa Ambursa

Muka fita gari muka bi hanyar Argungu, mil talatin da 'yan kai. Wajen Zauro fadama ta buɗe a hannun hagu, shimfiɗe har iyakar ganin ido, wani siririn hazo na kwance a kan sauran ruwan da bazara ba ta shanye ba. Manoma sun riga sun fito. Daga nesa sai ka ce a kan hazon suke tafiya, ƙafafunsu ba su taɓa ƙasa. Balbelu suka tashi a jere, na ga bakin direba yana motsi yana nuna mini su, amma kunnena na hagu bai kama maganarsa ba, ban ji kome ba sai gurnanin injin da ke shigowa ta ƙashin bayana. Na lumshe ido na bi gurnanin. Yana hawa idan mun hau tudu, yana sauka idan mun gangara, na iske kaina ina ɗora masa waƙar faifan a zuci.

Bayan Ambursa muka tarar da shingen 'yan sanda. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo, ya ce in kwance ƙunshin. Na kwance. Ya zaro faifan daga jakarsa ta kwali, ya kai babban yatsansa zai dafa tsakiyar layukan.

"Ɗana, ta gefe ake riƙe shi. Da tafin hannu biyu."

Ya dube ni kamar zai yi fushi, sai kuma ya gyara riƙon. Ya juya kwalin yana kallon zanen da ke jiki, wasu duwatsu da ke yawo a sararin sama.

"Baba, kai da shekarunka, wanga kiɗa kaka saurare?"

"Da shekaruna nake sauraron sa. Mayar da shi a hankali."

Ya mayar, fasinjojin baya suna dariya ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa mai kwandon albasa ta ce da shi ya bar malamin makaranta ya wuce kafin ya ba shi aikin gida.

Daga nan rana ta fito sosai. Kwalta ta fara kawalwalniya, ruwan ƙarya yana gudu a gabanmu. Na cire babbar rigata na lulluɓe ƙunshin, na juya wa taga baya, haka na zauna a karkace har muka shiga Argungu.

Argungu

Alhaji Mamman na zaune a ƙofar zaurensa. Ajinmu ɗaya a kwalejin horon malamai kafin ya karkata ga aikin gona, kuma tun a lokacin bai san darajar tsari ba.

"Hedimasta! Ka zaka da makokin Turawan naka?"

"Na zo da shi. Ina injin?"

"Ka sha ruwa tukuna, mutumin Allah. Wuta ma ba ta nan, sai bayan azahar."

Hajiya Kulu, uwargidansa, ta aiko da fura mai sanyi. Na sha, na duba faifan a inuwa, na same shi a miƙe. Sannan ya kai ni ɗakin da injin yake, abin da na gani kuwa ya kusa sa ni komawa tasha. Injin na nan a kan tebur lafiya lau. Akwatunan lasifikar ne babu. A maimakonsu randuna biyu na ƙasa ne, ɗaya a kowace kusurwa, an kifa lasifika tsirara a bakin kowace, an liƙe gefen da tsumma.

"Mamman, mene ne wannan?"

"Gara ta cinye akwatunan tun damina. Yara sunka ce randa ta fi akwati, in gaya maka gaskiya kuma ba su yi ƙarya ba."

"Mutanen da suka ƙera wannan inji sun auna akwatinsa da ma'auni. Kai ka mayar da shi cikin tukunyar ruwa."

"Awo. Randunan Hajiya ne ma, har yau ba ta yafe mini ba."

Daga tsakar gida muryarta ta taso, mai kauri ce, na ji ta sarai: "Ka gaya mishi in sun gama biki a maido mini abina!"

Na zauna a bakin gado. Tafiyar da na yi domin in ji aikin yadda masu shi suka yi shi, ga ta ta ƙare a gaban randa. Mamman ya daina dariya. Ya san abin da likita ya ce, ni na aika masa.

"Ka gwada dai," in ji shi. "In bai yi ba, na raka ka har Sakkwato mu nemi wani."

Muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, muka yi sallah. Wuta ta zo. Na goge allurar, na ɗora faifan, na saurari farkonsa. Bes ɗin ya fito da ƙarfin da ban taɓa ji ba, amma a dagule, kowane sauti yana hawa kan ɗan'uwansa kamar magana cikin rijiya. Na ɗaga allurar. Na tuna yadda muke busa bakin kwalba a makaranta, idan an zuba ruwa muryarta ta sauya. Na ce a kawo ruwa. Muka ɗaga lasifikar, Mamman yana zubawa da moɗa, ni ina mayar da allurar ina saurare. Kaɗan ya yi yawa, kaɗan bai isa ba. Muka kwashe, muka ƙara, ya yi ta gunaguni cewa ko gonar albasa bai taɓa yi wa irin wannan ban-ruwa ba. Da ruwan ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na kowace randa, dagulewar ta kwanta. Sautukan suka rabu, kowanne ya tsaya da ƙafarsa.

Na zauna a ƙasa kusa da randar hagu, na ɗora tafin hannuna a cikinta mai sanyi, na ce ya sa daga farko.

Ban san yadda zan kwatanta wannan makaɗi ga wanda bai ji shi ba. Mu an koya mana cewa babbar murya ta tsaya a ƙasa ta ɗauki nauyi. Shi yana ɗaukar nauyin, amma yana tafiya da shi. Yakan fara daga can ƙasa, ya hau a hankali har ya kai kusa da muryar mawaƙin, su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai ya bar shi ya nutse. Ba ya gaggawa, ba ya kuma makara. Kowane sauti yana da baki mai kaifi a farkonsa, ka ji inda aka taɓa tsirkiyar, sannan jikinsa ya biyo baya da faɗi. Mai ganga yana sauya taku sau da yawa, shi kuwa kamar ya san inda zai sa ƙafa tun kafin a sauya. Duk wannan yana shiga kunnena na hagu, yana kuma shiga tafin hannuna, ya bi ta gwiwar hannu ya zauna a ƙirji.

Abin da ya wuce ni shi ne aikin wanda ya haɗa sautin. Baturen nan ya taɓa gaya mini cewa an shirya kiɗan kamar ɗaki: ganga a gefe, molon ƙarfe a wani gefe, murya can ciki kamar daga ƙuryar soro, wani kiɗa mai kama da na coci kuma yana ratsawa daga wannan bango zuwa wancan. Mai kunne ɗaya ba ya jin ɗaki. Na faɗa wa Mamman haka. Sai ya ɗaga yatsa ya nuna randar dama. A hankali yatsan ya taso, ya bi iska ta gaban taga, ya ratsa hasken da ke shigowa, ya sauka a kaina. Ya sake komawa. Mutumin da shekara da shekaru yake kiran kiɗan nan makoki, ga shi ya rufe ido, hannunsa na yawo a ɗakin kamar mai bin tsuntsu. Na bi yatsan da ido, ɗakin ya buɗe mini.

Sai muka iso tsakiyar waƙar, inda kome yake tsayawa. Wannan wuri na fi ƙauna. Na sha gaya wa mutane cewa hikimar faifan duka tana cikin wannan shirun. Ganga ta tsaya, murya ta tsaya, yatsan Mamman ya tsaya a sama. Amma randar ba ta tsaya ba. Tana rawa a ƙarƙashin hannuna, rawa mai laushi, ba yankewa. Na manna kunnena a jikinta. Sauti guda ne, can ƙasa ƙwarai, a riƙe, ba ya hawa ba ya sauka. Ashe mai bes bai taɓa yin shiru a wurin ba. Garmahona ne ba ya iya furta shi.

"Mamman, kana jin wannan?"

"Ina jin shi a ƙafata. Kamar jirgin ruwa na wucewa ƙarƙashin gida."

"Mayar da allurar."

Ya mayar. Muka sake, muka kuma sake, har Hajiya Kulu ta leƙo ta same mu mu biyu, tsofaffi, kowa rungume da randa. Ta dube mu, ta saki labulen.

Da la'asar sakaliya muka taka zuwa bakin gulbi. Masunta suna shawagi a kan gorunansu, rabin jiki cikin ruwa, suna tura homa, ragar kamun kifi, a gabansu. Na ga yara na ihu a ƙetare, na ga tsuntsaye na buɗe baki a kan kalgo, ban ji ko ɗaya ba. Wani ya buga cikin kwalekwale da sanda, wannan ya iso gare ni. Muka zauna har ruwan ya koma launin jan ƙarfe. A gidan Mamman na kwana.

Komawa Birnin Kebbi

Da asuba ya raka ni tasha. Ya ce randunan za su zauna da ruwansu yadda na auna, shi zai san abin da zai gaya wa Hajiya, in dawo duk ranar da na ga dama. Na ce zan dawo idan da sauran abin da zan dawo da shi. Ya ce ko babu, ai hannuna bai kurumce ba.

Motar dawowa cike take da buhunan albasa, ba mu tsaya ko'ina ba sai Ambursa, inda aka sauke wasu mata biyu. Na shiga gida kafin hantsi. Maiɗakina ta karɓi rigata, ta zagayo gefen hagu kamar yadda ta koya, ta ce, "Malam, an ji?" Na ce an ji.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Alhaji Mamman da ya ara mini yatsansa, da Hajiya Kulu da ta haƙura da randunanta. Ina kuma godiya ga wani mutum da ban taɓa gani ba, a wata ƙasa mai sanyi, wanda ya san cewa yawancin injunan duniya ba za su fitar da sautin nan ba, duk da haka ya riƙe shi daidai, bai sake shi ba sai da lokacinsa ya cika.