Amyar Ƙarshe a Jisonayili

Lokacin da Hammawa ya sauka a Jisonayili, a bayan garin Tamale, da shanun mahaifinsa, ba a kiran wurin unguwa. Daji ne na kaɗanya da ɗorawa, sai gonakin Dagomba, 'yan asalin yankin, nan da can. Yana saurayi a lokacin, kuma kiwo bai taɓa shiga ransa ba. Shanu su yi gabas, shi yana tsugune a gindin bishiya yana kallon yadda buzuzu ke mirgina kashin shanu. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji.

Wani tsohon manomi mai suna Andani ne ya ga halinsa, ya koya masa saƙa amya da ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta, a ɗora bisa reshe. Shekarar farko ƙudan zuma suka shiga uku daga cikin amya biyar da ya ɗora. Daga nan Hammawa ya bar wa ƙannensa sandar kiwo. Ya auri Barikisu, mai kai nono da wagashi, wato cuku, cikin gari, ta riƙa ɗora kwalaben zumarsa a gefen ƙwaryarta. Daga unguwar Sabonjida har Moshi Zongo, duk wadda ɗanta ke tari ta san zumar Hammawa. Ya taɓa kai amya arba'in da biyu.

Barikisu ma ta san daji, ta wata fuskar ma ta fi shi. Ita ke cewa ruwa ya kusa idan ta ga tururuwa na kwashe ƙwai. Bayan ruwan farko, da shinge ya tashi, ta tara mata da kwanukan ruwa a kama a soya. Su biyun sukan yi gardama kan sunan ƙwaro kamar wasu malamai, ita da Fulatanci, shi da Hausa da Dagbanci, harshen Dagomba.

Gari bai zo musu rana ɗaya ba. Da farko turakun siminti aka fara gani a cikin ciyawa, masu jan fenti a kai. Sai tifa ta zube yashi. Sai masu gawayi suka bi bayan masu sayen fuloti, kaɗanyar da ta girmi kakan mutum a kayar da ita kafin azahar. Waɗanda ba su tashi gini ba sukan shuka masara a filinsu, su aiko a yi feshin maganin ciyawa. Ƙannen Hammawa suka kora shanu zuwa yamma, don babu sauran makiyaya. Shi ya zauna, ya ce ba zai bar zumarsa ba.

Wata safiya ya tarar da ƙasan wata amya ya yi baƙi da matattun ƙudan zuma. Ya ɗebo cikin tafin hannu ya kawo gida. Barikisu ta duba, ta ce, "Malam, ba ciwo ba ne. Furen da suka sha ne aka fesa." Amya arba'in da biyu suka koma goma sha ɗaya, suka koma huɗu. A damina ta uku bayan haka Barikisu ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Lokacin da aka share makokinta, amya ɗaya ta rage mai rai, a kan ɗorawar da ke bayan ɗakinsa.

Filin da ke jikin ɗorawar wani ma'aikaci ne ya saye, Mutawakil, mutum mai ladabi. Kullum zai fita sai ya tsayar da babur ya rusuna ya ce da Dagbanci, "Mba Hammawa, dasiba," wato Baba ina kwana, shi kuma ya amsa gaisuwar safiyar. Yana da 'ya mai shekara huɗu, Najat, wadda Hammawa kan lasa wa zuma a yatsa.

A tsakiyar bazara, da zafi ya tsananta, ƙudan zuman suka rasa ruwa, don tafkin da suke sha an cike shi an yi gidan mai. Suka koma famfon gidan Mutawakil. Ranar wata Laraba Najat ta sa hannu a bokiti, suka harbe ta a wuya da fuska. Kafin a kai ta asibiti numfashinta ya fara sarƙewa. Kwana uku ta yi a can, Hammawa na zaune a bakin ƙofar asibitin, ya ƙi shiga, ya ƙi komawa gida.

Da aka sallamo ta, Mutawakil ya zo ya zauna a kan tabarmarsa. Ya daɗe yana murza makullin babur kafin ya yi magana.

"Mba, likita ya ce in aka sake, ba lalle ta kai asibiti ba. Ni ba zan kai ka ƙara ko'ina ba. Amma ka gaya mini yadda zan yi."

"Ka ba ni mako ɗaya," in ji Hammawa. "Zan nema musu wuri."

Ya nema. Ya hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, har inda kwalta ta ƙare, ya taka da ƙafa. Duk inda ya ga bishiya mai kyau sai ya ga turken siminti a gindinta. Wani mai gona ya yarda, amma mai keken da zai ɗauki amya mai rai bai samu ba, shi kuma ƙarfinsa bai kai ya sauko da ita lafiya ba. Ranar da mako ya cika, bayan sallar asuba, kafin ƙudan zuman su fara fita, ya jingina tsani, ya toshe bakin amyar da tsumma, ya yanke igiyar. Ta faɗo. Ya tara mata busasshiyar ciyawa ya ƙyasta ashana da hannunsa. Ƙarar da suka yi a ciki ba ta daɗe ba. Mutawakil na tsaye a bayan katanga.

Wata biyu bayan haka 'yarsa Rahimatu ta zo ta kwashe shi zuwa gidan mijinta a Moshi Zongo. Aka ba shi ɗaki mai fanka, tsakar gidan duk siminti. Yana cin abinci, yana zuwa masallaci, amma ya rage magana.

A bara wata ɗalibar jami'a, Tayyiba, ta zo nemansa. Ta ce tana binciken ƙwarin da suka rage a cikin Tamale, an ce mata shi ya san na da. Ta ce ta kafa tarkuna a unguwa shida, abin da ta fi kamawa ƙuda ne da sauro da kyankyaso.

Hammawa ya gyara zama. "Rubuta, 'yata," ya ce. Ya fara jero mata: mazari, gyare, zirnaƙo, ƙoƙi-ƙoƙi, malam-buɗe-littafi kala bakwai da furen da kowanne ke so, fara mai tashi da wadda ba ta tashi. Ya gaya mata watan da kowanne ke fitowa da tsuntsun da ke cin sa. Rahimatu ta bar wanki ta tsaya tana saurare, don rabon da ta ji muryarsa haka ta manta.

Can sai ya tsaya. Ya ce akwai wani ƙaramin kore mai sheƙi da ke kwana cikin furen kabewa. Ya kwatanta girmansa da farce. Ya rufe ido, ya motsa leɓe, sunan ya ƙi zuwa.

"Ba komai, Baba, in ka tuna sai a kira ni," in ji Tayyiba. Ta bar lambarta a hannun Rahimatu.

Ya tambayi tsofaffin masallaci, ya tambayi mata masu kawo nono, babu wanda ya gane abin da yake nufi. Wasu suka ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Hammawa ya rasu a watan azumin da ya wuce, Rahimatu ba ta kira lambar ba. A littafin Tayyiba, a layi na talatin da huɗu, an rubuta: kore, mai sheƙi, furen kabewa. Gurbin sunan babu komai.