Mutumin da Yake Mutuwa Kullum a Kalkata

A shekarun da nake magana babu gidan silima a Makka, ni ban ma san kamarsa ba. Idan hajji ya gabato mukan kwashe kayanmu mu koma saman soro, mu bar wa alhazai ɗakunanmu biyu na unguwar Tandabawi. Ni ɗinki nake yi, ƙanena kuma ruwa yake ɗauka a kafaɗa yana kai wa gidaje. Wata shekara aka sauke mana mutanen Bangala. Cikinsu akwai wani dattijo mai ɗan guntun Larabci, wanda ya ce aikinsa a Kalkata juya na'urar majigi ne.

Da aka sauko daga Mina, suna jiran jirginsu, sai ya riƙa zama a bakin ƙofa bayan la'asar yana ba mu labari. Rannan ya kawo na wani majigi da aka ciro daga littafin ƙasarsu. Saurayi ne aka ƙetare kogi da yarinyar da yake so, ya zauna a gaɓa ya daina cin abinci, har ruwa ya cika ya tarar da gawarsa. Ya ce mata na fita daga kallon suna kuka.

Bai san cewa a makon nan aka tafi da wadda ƙanena yake nema ba. Iyayenta sun zo ta Sudan, sun daɗe a nan, uban ya ce gida zai koma, suka sauka Jidda neman jirgi. Ƙanena ya saurari labarin har ƙarshe, ya hau sama ya kwanta.

Daga ranar bai sake ɗaukar garwa ba. Na kai masa ful, dafaffen waken nan, ya ture. Innarmu ta dama koko, ta dafa romon shurba, duk suka huce a gefensa. Zamzam kaɗai yake kurɓa. Idanunsa suka faɗa, in ya tashi salla sai ya dafa bango. Na kasa zura zare a allura. Abin da ya fi cin raina shi ne, wanda ya ƙi abinci har ya mutu, shi ya kashe kansa ko ba shi ba? Kuma a ƙasar Harami, inda ake cewa ko mugun nufi rubutawa ake yi? Na so in tambayi malami, na ji tsoron amsar.

Na ce masa, "Don girman Allah ka ci ko loma ɗaya."

Ya ce, "Yaya, ai ba ni kaɗai ba ne. Ka ji wancan ma haka ya yi."

Na sauka wajen dattijon. Na tsaya ina juya maganar a baki, don na san abin da zan roƙa ba shi da kyau. Mutumin nan ya gama hajjinsa, an wanke shi tas, ni kuma zan sa shi ƙarya yana kallon hasumiyar Harami. In ya yi, alhakin a wuyan wa? Duk da haka na ce, "Ya Hajji, ka hau ka gaya masa ka yi mantuwa. Ka ce saurayin bai mutu ba."

Ya ce, "Ka san tafiyar da na yi a teku kafin in zo nan? In zubar da ita saboda majigi?"

Na ce, "To zai mutu." Na durƙusa na riƙe gefen zanensa.

Ya ja tsaki, ya nemi takalmansa. Ya hau matakalar yana nishi, ya zauna kusa da ƙanena.

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, saurayin ya mutu, ba zan canza ba. Amma ni nake juya na'urar. Kullum yana mutuwa bayan azahar, ya sake mutuwa bayan magariba. Da safe kuma in gan shi a kasuwa yana cinikin kifi, ga tumbi. Wanda ya rubuta littafin ma ban ji an ce ya taɓa tsallake kalaci ba."

Ƙanena ya ce, "Ita fa?"

"Ita? 'Ya'yanta sun cika gida. Ba ta ko gaisawa da shi."

Ƙanena ya juya fuskarsa bango. Na ɗauka shi ke nan, na ƙara ɓata lamarin. Dattijon ya sauka, na zauna ina ƙirga numfashin yaron, ina istigfari ban san na wane laifi ba.

Can wajen magariba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kokon nan ya yi tsami?"

Ya yi tsami. Ban tsaya ɗumamawa ba, na tallafo kansa. Ya sha kaɗan ya amayar, ya huta, ya sake sha. Ina kallon maƙogwaronsa har ya haɗiye.