Awa Uku Daga Jidda

Iya Laraba ba ta taɓa wuce Kwanar Dangora ba. A wani ƙauye bayan Doguwa aka haife ta, nan ta yi aure, nan ta tsufa tana daka daddawa tana kaiwa kasuwa. Amma ta san hanyar Jidda fiye da ta Kano, domin can autanta Kamaluddeen yake, shekara goma sha ɗaya ke nan. Umara ya tafi, ya zauna yana wankin motoci, takardunsa suka mutu.

Ilimin nata daga tikitin ƙanen mijinta, Alhaji Wada, ta samo shi. Da ya dawo aikin Hajji aka karanta mata: sun tashi Kano ƙarfe goma, sun sauka Jidda ƙarfe biyar. A dawowa kuwa sun tashi goma, ƙarfe ɗaya suna Kano. Ta lissafa da yatsunta. Tafiya awa bakwai, dawowa awa uku.

Jikarta Bushira ta yi ta bayani cewa duk awa biyar ne, agogon can ne ya riga namu da awa biyu, kuma tsakani ya fi kilomita dubu uku. Iya Laraba ta ce ita ma idan ta dawo daga kasuwa ta fi sauri, saboda gangara ce.

"Ke bokonki bai kai nan ba, kishiya," in ji ta. "Hanyar gida gajera ce."

Sai idonta ya fara dushewa. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma tafiya yake. Ba ta yi kuka ba. Awa uku ai ko zuwa Tudun Wada a damina ya fi haka. Ta riƙe hannun Bushira suka hau dutsen bayan gari, inda kaɗai waya ke samun sabis, ta kira Kamaluddeen ta ce masa ya zo ta gan shi kafin idon ya rufe, ko kwana biyu ne ya koma.

Ya ce wanda ba shi da takarda ba ya shiga filin jirgi sai a hannun hukuma, a tsare shi watanni, a sallamo shi da kayan jikinsa, ba komawa. Ga matarsa da 'ya'ya uku, su ma ba takarda. Wa zai bar wa su?

"Ka zauna da yaranka," ta ce. "Allah ya raya su."

Ya kunna bidiyo don ta gan shi. Ta kai wayar har kan hancinta, ta juya ta dama da hagu, haske kawai take gani yana motsi. Ta miƙa wa Bushira.

"Duba min, ya yi furfura?"

Bushira ta duba, ta ce ya yi, a gemu.

Iya Laraba ta gyaɗa kai, ta laluba dutsen da tafin ƙafa tana neman inda za ta fara sauka.