Baba Saje da Man Keke

Cikin duk shekarun da na yi ina allurar rigakafi, ranar da ba ta fita a raina ita ce wata safiyar damina da keken ofis ya ƙi tsayawa da ni a hanyar ƙauyen Manga.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a wani ɗakin shan magani a Zuru. Aikina shi ne in ɗauki magani cikin kula mai ƙanƙara, in ɗaure a kariyar keke, in kai ƙauye. Idan kwalaben maganin suka fashe ko ƙanƙarar ta narke, matan da suka baro gona da goyo sai su koma haka nan, kuma da wuya su sake fitowa.

Maigadinmu tsohon soja ne, Baba Saje muke ce masa. Shi ya ɗora wa kansa kula da keken, kuma yadda ya riƙe bindiga a bariki haka ya riƙe shi. A safiyar nan na tarar keken yana ta sheƙi. Baba ya shafe shi da baƙin mai tun daga sarƙa har gefen wili, inda robar birki take kamawa. Na yaba, ya sara mini, na hau abina ina fito.

Da na iso gangara sai ga motar itace a gabana tana rarrafe, ga babura suna tahowa ta ɗaya hannun. Na matsa birkin baya a hankali, kamar yadda aka koya mana, shiru. Na haɗa da na gaba, sai wani ɗan kuka kawai ya yi, keken ya ƙara wuta. Wallahi na tsorata. Na sa takalmi ƙasa ina ja, na karkata kai zuwa wata gonar dawa, na miƙa hannu baya na dafe kular. Kunya uku na tsallake kafin ta huɗu ta karɓe ni.

Ban duba gwiwata ba sai da na buɗe kular. Ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba. Na bar keken wurin mai gonar, na ɗora kular a ka, na ƙarasa a ƙafa ina ɗingishi. Matan Manga suka ga likita ya iso da laka har kunne, suka yi dariyarsu son rai, sannan suka miƙo yara.

Da yamma na karɓo keken na turo shi zuwa ofis, na nuna wa Baba wilin, na ce mai na sarƙa ne kaɗai, birki busasshen ƙarfe yake so. Ya ƙame kamar yana gaban kwamanda. Bai kalli gwiwata ba, bai kalli keken ba.

"Ɗana, yaran sun samu allura?"

Na ce sun samu, Baba, dukansu. Sai ya cire hula ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana share ido. Daga baya ya tashi ya nemo sabulu da tsumma.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata: kafin ku hau titi, ku tura keken ku matsa birki biyun ku ji sun kama. Mutanen da muke aiki da su ba mugunta ke sa su kuskure ba. Wani lokaci tsabar son aikin ne, kuma babu wanda ya tsaya ya nuna musu inda ba a sa mai.